Tsakanin Turke da Turke

Ni gajeriya ce, kuma hakan bai taɓa damuna ba sai shekarar da aka kafa dokar turaku.

Dokar ta biyo bayan abin da ya faru a garin da ke gaba da mu a titin bakin teku. Wani direban motar kifi ya zo tsayawa gaban kanti, maimakon birki ya taka totur, motar ta haye baranda ta shige har wurin buhunan shinkafa. Allah ya taƙaita, mutum biyu ne suka karye. Sai majalisar gundumarmu ta zauna ta ce duk kantin da ke fuskantar titi a kafa masa turakun ƙarfe, a cika su da kankare, kuma kada tsakanin turke da turke ya wuce mita ɗaya da rabi. Mai saye da mai sayarwa, kowa ya koma bayan turaku. Wanda bai yi ba kafin ƙaramar Salla, a rufe masa kanti.

Mijina Samsu ya yi ta gunaguni. Ni kuwa na ce doka ta yi daidai. A barandar kantinmu 'ya'yana suka koyi rarrafe, kuma na san yadda gabana ke faɗuwa duk lokacin da babbar mota ta wuce.

Abu ɗaya ne ya dame ni, amalanken Ambo Rappe. Tun kafin a kawo ni gidan nan yake soya ayaba a barandarmu, marigayi surukina ne ya ba shi wurin. Tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne, mutum mai tsadar magana. In ka ce masa ina kwana, sai ya ɗaga maka kai, a ganinsa ya biya ka. Matarsa Indo Cenning ita ce bakin gidan. Shekarun baya ta zame a matakala ta karye a ƙugu, ɗori bai yi kyau ba, tun daga nan ƙafa ta daina ɗaukarta. 'Ya'yansu suna can ƙetare a gonakin kwakwar manja, sai Salla ake jin muryarsu. Ambo bai yarda ya bar ta a gida tana kallon rufi ba. Ya ƙara wa amalankensa kujera a gefe, ya ɗaura mata laima. Kullum bayan asuba zai goyo ta ya sauko da ita, ya zaunar, ya turo ta tare da ayaba da kasko da tukunyar gas, su biyo bakin teku har kantinmu. Ita ke ɓare ayaba, ita ke dama ƙullu, ita ke kirɓa yajin da ake dangwala. Ita kuma ke sanin wa ya sayar da gona, wa ke neman 'yar wa.

Ranar da labarin doka ya iso ta kira ni.

“Haeda, zo nan 'yar nan. An ce za a ɗaure ku a turke kamar awaki?”

“Inna, ba mu za a ɗaure ba. Motoci za a tare.”

“To motata fa? Ita ma ai mota ce. Har direba gare ni, sai dai kurma ne.”

Ambo yana juya ayaba a mai, ko waiwayowa bai yi ba. Na ɗauko tef ɗin da nake auna yadi na auna amalanken, daga bakin kujera zuwa ɗaya gefen. Zai wuce, har da rarar 'yan yatsu. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni na yi alkawari.

Aikin kuwa ba wanda za a ba sai Baffa Beddu, ƙanin mahaifin Samsu. Duk gidan da ke tsaye a unguwarmu shi ya kafa masa ginshiƙin farko, kuma da mun kira wani magini da har mu mutu ba zai sake cin abincinmu ba. Shi ya zaɓi rana. Ya zo da hularsa baƙa da zanensa mai gida-gida, ya zauna aka kawo masa kofi, Samsu ya gaya masa abin da hukuma ta ce.

“Mita da rabi?” in ji Baffa. “Kamu uku ke nan. Su dai sai sun canja wa abu suna. Ina uwar gida?”

A wurinmu da jikin uwar gida ake auna gida. Faɗin ƙofa, tazarar matakala, tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, duk daga hannunta ake ɗauka, don gidan ya zauna da ita lafiya. Haka aka yi wa mahaifiyata, haka aka yi wa kakata. Baffa ya tsaga gora, na bar mai sayen sukari a tsaye na zo na ɗora hannuna, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, sau uku. Ya yanke. Na koma kanti ina jin daɗi, don ba kullum dangin miji ke tunawa kai ne uwar gida ba.

Aka rataya wa turken farko nonon ayaba da kwakwa da curin sukarin giginya, Baffa ya yi addu'a aka shafa. Sannan aka haƙa rami dogo daga bakin kwalbati har katangar maƙwabcinmu, aka sarƙe turakun da rodi ta ƙasa, aka kwarara kankare. Ambo Rappe ya ce ƙura da suya ba sa haɗuwa, don haka suka yi zamansu a gida har aiki ya bushe. Ma'aikacin hukuma ya zo ya duba, ya shafa wa kowane turke lamba, har yana yabonmu.

“Hajiya, naku ya fi na kowa. Ko babur mai kaya sai ya yi dabara.”

Na yi ta washe baki.

Washegari da sassafe ina share baranda na ji kukan tayar amalanke. Indo Cenning tana ɗago mini hannu tun daga nesa. Ambo ya daidaita kan amalanken tsakanin turaku biyu ya turo. Ƙwas. Kujera ta daki na dama, gefen kasko ya daki na hagu. Ya ja da baya ya gwada na gaba. Ya gwada na gaba da shi. Baffa Beddu ba ya aikin ha'inci, kowace kafa daidai take da 'yar'uwarta.

Muka yi cirko-cirko. Indo Cenning ta dubi cinyoyinta ta ce, “Ko dai ƙiba na yi a kwanakin nan?”

Na ajiye tsintsiya na ɗora hannuna tsakanin turaku. Kamu uku cif. Na fizgo Samsu na ce ya ɗora nasa. Biyu da ɗan ƙari. A nan na gane, kuma a nan raina ya ɓaci, irin ɓacin da ba ka san wanda za ka huce a kansa ba. Na yafa mayafi na tafi gidan Baffa.

Na same shi yana ba tsuntsunsa gero. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ni na auna daidai, 'yata. Hannunki ne bai kai ba. Da Samsu ya auro doguwa ai da ba a yi haka ba.”

“Baffa, ba lokacin wasa ba ne. A tuge guda ɗaya a matsar.”

“Turken da aka kafa da addu'a? Ba da hannuna ba. Kuma duk a sarƙe suke. In kin taɓa ɗaya sai kin fasa har gindin barandarki.”

Ranar a wajen turaku suka yi suya, a bakin kwalta. Na kasa zama. Duk motar da ta taho sai na miƙe. Wajen azahar madubin wata bas ya shafi laimar Indo Cenning har ta juya. Na fito ina ihu kamar mahaukaciya, na ce wallahi ba za a sake ba.

'Yan acaban da ke tsayawa a gaban kantinmu ne suka kawo mafita. Babbansu Sudding, wani ƙato mai son ayabar kyauta, ya ce, “Yaya Haeda, wannan ne abin tashin hankali? Kai, ku taso!” Su shida suka kama amalanken, Indo Cenning na zaune a kai, suka ɗaga shi sama da turaku suka dire a baranda. Tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

“Rabon da a ɗaga ni haka tun ranar aurena! Sudding, in tsohon nan ya sake ni kai zan aura.”

“Inna, ni ba ni da sadaki.”

“Ka bari, ayabar da ka ci mini bashi ta isa.”

Haka aka ci gaba, safe a ɗaga, yamma a ɗaga. Har na fara cewa abin ya zo da sauƙi. Amma yau da gobe sai Allah. Damina ta sauka, 'yan acaba suka koma fitowa a makare, wasu kuma da sassafe sun tafi kai yara makaranta. Sai ka ga Ambo Rappe tsaye a waje cikin yayyafi, ya riƙe amalanke, yana jiran a taru. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ko ashana ba, yanzu shi ne ke bin yaran da ya girmi iyayensu da ido. Ba ya kira. Tsayawa kawai yake yi, ni kuwa tsayuwar tana cina. Na yi cigiyar wata barandar mai faɗin kafa, amma kowace da mai ita, daga mai miyar nama sai mai gasa masara.

Wata safiya ba kowa sai ni da Samsu da wani malamin makaranta da ya zo sayen sabulu. Muka ce bari mu gwada. Ɓangarena ya yi ƙasa, ai dole, amalanke ya karkace, ƙugun Indo Cenning ya bugi kan turke. Ba ta yi ƙara ba. Ta dai runtse ido, kuma ranar ko gulmar mutum ɗaya ba ta yi ba.

Kwana biyu ba su zo ba. A na uku na ji kukan taya na fito da sauri. Ambo ne shi kaɗai. Ya kwance kujerar da laimar, amalanke ya rame, ya shige tsakanin turaku sumul ba abin da ya taɓa.

“Baba, ina Inna?”

“Gida.”

Ya kunna wuta. Shi ya ɓare ayaba, shi ya dama ƙullu, ya yi kauri. Masu saye suka zo suka saya suka tafi, ba mai tsayawa. Ban san barandata tana da faɗi haka ba sai ranar.

Da la'asar na bar wa Samsu kanti na hau acaba na je. Gidansu ƙarami ne, na katako, a kan ƙafafu, can bayan wurin shanyar kifi. Na same ta kwance a tabarma kusa da taga, ga ruwa da shinkafa a rufe inda hannunta zai kai. Tun safe take nan ita kaɗai.

“Inna, zan aro miki keken marasa lafiya daga asibiti. A bar amalanke a wurina, Baba ya dinga turo ki a keke.”

“A yashin nan? Tayarsa kamar faifan kofi? Kuma 'yar nan, duk wanda na gani a keken nan, ban daɗe ba na ci shinkafar sadakarsa. Bar ni kawai. Ga taga, ina ganin kaji.”

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Na dawo ina kuka a bayan acaba, Sudding yana yi kamar bai ji ba.

Samsu ya je ofishin gunduma. Aka ce turken da aka riga aka sa wa lamba ba a taɓa shi sai da sabon izini, izinin kuma sai majalisa ta sake zama, wataƙila baɗi. Na koma wa Baffa Beddu, wannan karon ban ma gaishe shi da kyau ba. Na ce masa tsohuwa tana can tana ruɓewa a ɗaki saboda goransa da hannuna, shi kuma yana nan yana kiwon tsuntsu.

Ya kurɓi kofi. Na ga dai maganar ta shige shi.

“Filin nan na gefen kanti, inda kike shanya, ta baranda ake shigarsa ko?”

“E.”

“Bayansa kuma gonar shinkafa. Taya ba ta bi, amma ƙafa tana bi.” Ya ajiye kofi. “Turke ba ya tashi, 'yata. Gida ne ke tashi.”

Gaskiyarsa ne. Gidajenmu a kan duwatsu ƙafafunsu suke tsaye, ba a binne suke ba, kuma ba yau aka fara ɗaukar gida a kai shi inda mai shi ke so ba. Samsu ya yarda nan take. Muka je gidan Ambo Rappe, ya ji bayani ya dubi matarsa. Na durƙusa kusa da ita na ce, “Inna, za ki dawo kusa da ni?”

“Duk abin da kuka ga ya dace,” in ji ta.

Ranar Juma'a bayan an sallame liman ya yi sanarwa. Maza suka fito daga masallaci suka naɗe zannuwa suka nufi bayan wurin shanyar kifi. An riga an fitar da tukwane da kwanuka, an ɗaure manyan gorori a ƙarƙashin gidan, tsaye da kwance. Baffa ya hau barandar gidan ya tsaya, tsoho da shi, yana ba da umarni kamar mai jirgi.

“Na hagu, ku ci abinci kuwa? Sudding, kafaɗa za ka sa, ba baki ba! Bismillah, ɗaga!”

Gida ya tashi. Ya biyo bakin teku yana rangaji, ƙafafun mutane a ƙarƙashinsa ba sa ƙirguwa, motoci suka tsaya suka ba shi hanya. Aka ajiye aka huta, aka sake ɗauka, aka karya ta cikin gona, laka har gwiwa. Mu mata muna can mun dafa romon kaza da wainar shinkafa mai sukari, da shayin citta da madarar kwakwa. Ambo ya mayar da kujerar amalanke, ya turo matarsa a bayan ayari. Da suka iso aka ɗaga su sama da turaku, na ƙarshe ke nan. Kafin la'asar gidan yana tsaye a inda nake shanya, matakalarsa tana kallon barandata.

Na yi barci mai daɗi a daren. Baffa ma ya dawo yana shan kofi a wurinmu kyauta, yana gaya wa kowa dabararsa ce.

Indo Cenning ta koma kujerarta, ƙullu ya koma daidai, masu saye suka koma tsayawa. Babu jiran kowa, babu yayyafi, babu mota. Sai dai na lura da safe takan yi shiru, hannu yana aiki, ido yana kan titi. Na ɗauka ƙugun ne.

Wata safiya Ambo ya tafi sayo gas, na zauna ina taya ta ɓare ayaba.

“Haeda, yau teku ta cika ne ko ta janye?”

“Wallahi ban duba ba, Inna.”

“Da kullum ina sani.” Ta jefa ɓawo a kwando. “Kin ga tsohon nan da kuke cewa ba ya magana? Yana yi. A hanya yake yi. In yana bayana yana turi, ba ya ganin fuskata, sai bakinsa ya buɗe. Jiragen da ya hau, garuruwan da ya kwana, mahaifiyarsa, har mafarkin da ya yi. Da mun hango kantinku sai ya rufe, sai kuma gobe. Na haifa masa 'ya'ya, na aurar, ban san mijina ba sai da na karye.” Ta ɗauki wata ayabar. “Yanzu kafin ya gyara murya mun iso.”

Tausayinta ya kama ni, da kunya, don na tambaye ta ne bayan na riga na gama yanke shawara.

“Kada ki gaya wa kowa,” in ji ta. “Mutane sun ɗauki gida a kafaɗa saboda ni. Mai hankali ba ya cewa bai gode ba.”

Ban gaya wa kowa ba, ko Samsu. Ita ma na tabbata ba ta gaya wa mijinta ba, ba irinta ba ce.

Bayan kamar mako guda na idar da sallar asuba na sauko zan buɗe kanti. Na zare sakata ke nan sai na ji kukan taya. Na leƙa ta tsagar ƙofa. Gari bai gama wayewa ba. Ambo Rappe ne ke tura amalanke, Indo Cenning na zaune ta lulluɓa da zane. Ya taso daga gindin matakalarsu, ya bi baranda a bayan turaku har bakin kwalbati, ya juya da ƙyar don wurin ba faɗi, ya dawo, ya zagaya filin shanya, ya sake ɗaukar hanya. A hankali yake tafiya, kamar mai nisan zango. Da suka zo daidai ƙofata na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

“…to da iska ta kwanta, sai mai jirgin ya ce kowa ya kawo abin da ya ɓoye. Ni kuwa ina da ƙwai biyu a cikin hula.”

“Kai dai ɓarawo ne tun asali,” in ji ta.

“Bari ki ji mana.”

Na mayar da sakata a hankali na zauna a kan buhun shinkafa. Ranar ban buɗe kanti ba sai da rana ta fito.